Yadda ɗan wasa yake ɗauko muryar mutum ya saka a bakinshi

Duk mai hawa TikTok ko Facebook ya san yaran nan masu kwaikwayon murya, wani ya yi maka muryar malamin wa'azi harda yadda yake gyaran murya kafin ya jawo aya, wani ya yi ta ɗan siyasa a filin kamfen, wani kuma ta ɗan kamasho a tashar Kawo yana ihun Zariya saura mutum ɗaya alhali motar daga direba sai kwandasta. Mu yi dariya mu tura ma abokai a wuce wajen. Kuma baiwa ce gaskiya, ba kowa Allah ya ba wannan kunnen ba. Toh amma akwai wani aiki da in ka hango shi daga nesa za ka ɗauka duk ɗaya ne da wancan, sai ka matso ka ga sun sha bamban, shine ɗan wasa ya je ya zauna da mutum na gaske mai rai, ya yi hira da shi ya naɗi muryarshi, sannan ya dawo ya hau dandamali ya maimaita maganar mutumin nan kalma da kalma ba ƙari ba ragi, da inda ya yi in'ina da inda ya ja numfashi da inda ya ɗauko magana ya fasa ya koma wata. A makarantun koyon wasan kwaikwayo na Amurka da Ingila ana koyar da shi, kuma ni a nawa ganin shine horon da 'yan wasanmu suka fi buƙata yanzu, sabida kunne yake fara gyarawa kafin ya zo kan baki.

Kwaikwayo dai ba baƙonmu ba ne. Azumi na kaiwa goma yara sun fito tashe, wannan ya manna auduga a haɓa ya duƙa da sanda ya zama tsoho da gemu, wancan ya zama Jatau mai magani. A gidajen sarauta akwai wasan gauta inda matan gida suke kwaikwayon sarki da hakimanshi. Nan Kaduna kuma gidan rediyo da talabijin da aka buɗe a 1962 shi ya raini manyan 'yan wasa irin su marigayi Kasimu Yero da ya rasu a 2017, da marigayi Usman Baba Pategi, Samanja mazan fama, da ya rasu a 2023. In ka saurari Samanja da kyau za ka ji cewa Hausar barikin nan da yake haɗawa da Turanci ba a takarda ya tsince ta ba, aikin soja ya yi da gaske, shekara da shekaru tana shiga kunnenshi a fareti da mes, wato wurin cin abincin sojoji. Sai dai Samanja ba wani samanja guda ɗaya ba ne da za ka ce ga gidanshi can, samanjoji da yawa ya tattara ya dunƙule su wuri ɗaya ya ƙara gishiri. Haka tsoho da gemu, duk tsofaffin duniya ne a jikin yaro ɗaya. Mun iya kwaikwayon jinsin mutane, Bafulatani da ɗan sanda da malami da boka. Kwaikwayon wane ɗan wane shi kaɗai, da amanar maganarshi, shine bamu taɓa mayarwa darasi ba.

Wadda ta fi shahara da wannan aikin wata Ba'amurkiya ce baƙar fata, Anna Deavere Smith, haifaffiyar Baltimore a 1950. Tun farkon shekarun 1980 take yawo da rikoda tana hira da mutane, amma sunanta bai fito sosai ba sai bayan rikicin Crown Heights, wata unguwa ce a Brooklyn ta birnin New York inda baƙaƙen fata da Yahudawa suke zaune gida na kallon gida amma ba sa ga maciji da juna. A watan Agustan 1991 wata mota cikin ayarin babban malamin Yahudawan ta buge wani yaro baƙar fata ɗan shekara 7 ya mutu, a daren kuma wasu matasa suka daɓa ma wani ɗalibi Bayahude wuƙa shi ma ya mutu, unguwa ta yamutse kwana uku. Bayan ƙura ta lafa sai matar nan ta shiga unguwar ta bi ɓangarorin biyu tana sauraren kowa, a 1992 ta fito da wasa mai suna Fires in the Mirror, ita kaɗai a kan dandamali ta fito a matsayin mutum 26, maza da mata, limamin coci da malamin Yahudawa da matar aure da ɗan gwagwarmaya da ɗan uwan ɗalibin da aka kashe da mahaifin yaron da mota ta buge. Hula za ta ɗora ko tabarau ko kwat, shikenan ta zama wani, kuma maganar da suka faɗa mata ita take faɗa. A 1993 ta sake yin irinshi a kan tarzomar Los Angeles da ta ɓarke a Afrilun 1992 bayan kotu ta wanke 'yan sandan da suka lakaɗa ma Rodney King duka, a nan ɗaruruwan mutane ta yi hira da su, harda 'yan kasuwa 'yan Koriya da aka ƙone ma shaguna da tsohon shugaban 'yan sandan birnin.

Aikin daga hira yake farawa, kuma hirar ba irin ta ɗan jarida ba ce. Ɗan jarida labari yake nema, mutum nawa suka mutu, ƙarfe nawa, wa ya fara. Ɗan wasa yana neman wurin da maganar mutum take kuɓuce mishi ne. Kowannenmu yana da shiryayyar magana da yake fita da ita kasuwa, alhamdulillahi, sai godiya, komai ya yi farko zai yi ƙarshe, wannan ta kowa da kowa ce babu mutumin a ciki. Sai hira ta yi nisa an taɓo wani abu da bai shirya ma ba, nan jimla take karyewa, ya maimaita kalma sau uku, ya yi tsaki, ya bar Hausar littafi ya koma ta garinsu. Smith ta sha faɗin wasu tambayoyi uku da aka ba ta shawarar ta riƙa yi don ta kai ga wannan wurin: ka taɓa kusantar mutuwa, ka san yadda aka yi aka haife ka, an taɓa zarginka da abinda baka aikata ba. A Amurka kenan. A nan in ka zauna gaban dattijo daga gaisuwa ka ce baba ya aka yi aka haife ka, ai ka gama hirar kenan, zai ce yaron nan ba shi da kunya. Dole sai an bi ta hanyarmu, a gaisa a sake gaisawa, a tambayi gida da iyali da gajiya, ka karɓi ruwan da aka kawo ka sha, ka fara da sana'a da farashin kaya a zamanin da, ita maganar mai nauyi da ƙafarta take zuwa in ta ga wuri. Abinda ya fi ba yara wahala kuwa shine yin shiru. Mutum ya tsaya yana neman kalma, sai kunya ta kama mai tambaya ya yi sauri ya ƙarasa mishi, toh ya zubar da abinda ya zo nema kenan, don wannan laluben shine kayan aikin.

Daga nan sai rubutawa, kuma anan ma akwai tarko. Hannun wanda ya yi makaranta da kanshi yake gyara magana, ya cire wato da ka gane da eh toh, ya saka aya inda mai magana bai tsaya ba. Ba a so. Ita Smith layi-layi take rubuta maganar kaman baitin waƙa, duk inda mutum ya tsaya nan layi yake ƙarewa ko da tsakiyar jimla ne. Mu kuma namu ya fi nasu wuya, sabida Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya da dogon wasali da gajere, rubutun boko kuma baya nuna ko ɗaya. Ka rubuta ya zo, mai karatu bai san ko labari kake bayarwa cewa mutumin ya iso ba ko umarni kake bayarwa a kira shi, sai an ji a baki. Shi yasa takardar tunatarwa ce kawai, malamin na gaske shine rikodin ɗin.

Na taɓa zama a wani atisaye na wasu matasa 'yan ƙungiyar dirama a Tudun Wada, a wani aji da suka ara bayan an tashi makaranta. Ɗayansu ya yi hira da wani dattijo da ya yi aiki a ɗaya daga masaƙun Kakuri, an zo kan ranar da aiki ya tsaya. Yaron ya miƙe ya dafe ƙirji ya karyar da murya ya ce, ranar da muka zo da safe muka tarar an garƙame get, wallahi hawaye muka yi ta yi. Yayi kyau, har wasu suka tafa. Mai koyar da su bai ce komai ba, ya ɗauki wayar ya haɗa da 'yar sifika ya kunna. Ga abinda dattijon ya faɗa: "Ranar, ranar dai mun zo, ka gane, da safe ne, mun zo kaman kullum, sai muka ga," sai ya yi shiru har kana jin akuya tana kuka a bayan gida, sannan ya ce "toh ni keke gare ni lokacin, sai na jingine shi." Sai ya yi 'yar dariya ta hanci. Bai ambaci get ba, bai ambaci hawaye ba, ya kauce ya koma kan keke. Mai koyarwar ya ce ma yaron, kai ka ba mu labarin, shi kuma ya kasa bayarwa, kasawar nake so ka yi mini. Aka sa mishi iyafis ya yi ta bin muryar, a mayar baya a sake, a mayar baya a sake, dariyar hancin nan ita ta fi ba shi wuya don kullum sai ta fito mishi kaman ta jin daɗi. Can da ya same ta sai ga kafaɗarshi ta sauka da kanta, idonshi ya koma ƙasa gefen hagu inda keken zai kasance, kuma ba wanda ya ce mishi ya yi hakan, shi bai ma lura ba sai da aka nuna mishi a bidiyo.

Wannan da ya faru da kafaɗar yaron shine asalin hujjar masu wannan hanyar. Yawancin makarantun wasa a duniya sun ginu ne a kan koyarwar Stanislavski, ɗan Rasha da ya kafa gidan wasa a Mosko a 1898, inda ɗan wasa yake tambayar kanshi in da ni ne a wannan halin ya zan yi, ya tono abinda ke ranshi ya fito da shi. Hanya ce mai kyau kuma ta fitar da gwanaye, amma Smith ta ga tana da iyaka, in kullum daga kanka kake ɗebowa toh kowa ka fito sai ya zama kai ne ka canja riga. Ba sai an je nesa ba, akwai jarumanmu da ko sarki suka fito ko direban tasi ko malamin jami'a murya ɗaya ce, fushi iri ɗaya, kuka iri ɗaya. Sai ta juya abin, a fara daga waje, ka kama kalmomin mutum da numfashinshi daidai, jiki da zuciya za su biyo baya. Ta ce tun tana yarinya kakanta ya gaya mata cewa kalma in ka yi ta maimaita ta sai ta zama kai. Dalilin a fili yake in ka duba, numfashi da yanayin rai a ɗaure suke, wanda ya tsorata baya numfashi irin na wanda ya ƙoshi ya kishingiɗa, in ka ari numfashin mutum ka ari wani abu daga halin da yake ciki.

A Ingila wata marubuciya Alecky Blythe ta ƙara matsa abin gaba, ta hana 'yan wasanta haddace maganar gaba ɗaya. Suna kan dandamali da iyafis a kunne, ana kunna musu ainihin muryar mutumin, suna binta a baya da kaman rabin daƙiƙa, in ya yi tari su yi tari. Hujjarta ita ce da zarar ka haddace toh ka fara mayar da maganar irin taka ba tare da ka sani ba. A 2011 ita da wani mawaƙi suka yi wasa a babban gidan wasa na ƙasa a Landan a kan mazauna wani layi a garin Ipswich inda aka yi kashe-kashen mata biyar a 2006, suka ɗauki hawa da saukar maganar mutanen yadda take suka ɗora mata kiɗa. Wannan kam da makaɗan kalangu sun ji da sun ce ai mun daɗe a nan.

Toh amma kunne ya ji baki ya kasa fitarwa ma aikin banza ne, shi yasa horon murya yake tafiya tare da wannan. Murya iska ce da huhu yake turowa ta bi ta tsakanin wasu 'yan tsokoki biyu a maƙogwaro su yi ta karkarwa, na namiji baligi wajen sau ɗari da wani abu a daƙiƙa ɗaya, na mace wajen ɗari biyu, daga nan maƙoshi da baki da hanci su ba sautin siffa. Ƙarfin kuma daga ƙasa yake zuwa, daga faffaɗar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki. Yawancinmu in aka ce ɗaga murya sai mu matse wuya jijiyoyi su tashi, minti ashirin murya ta dishe. Darasin farko a ajin murya sau da yawa a kwance ake yinshi, ka kwanta rigingine a tabarma a ɗora maka littafi a ciki, ka ja numfashi littafin ya tashi kafaɗa bata motsa ba, ka sake shi a hankali da sautin sss kana ƙirga. Sai sakin muƙamuƙi da hamma, sai kaɗa leɓe kaman yaro yana wasan mota, sai rufe baki ka yi mmm har ka ji fuskarka tana zirr. Manyan malaman wannan fannin irin su Cicely Berry, da ta shafe shekaru sama da arba'in tana kula da muryar 'yan wasan kamfanin Shakespeare na Ingila tun daga 1969, da Kristin Linklater 'yar Sukotland, duk maganarsu tana komawa wuri ɗaya ne, muryar tana nan, ɗaurewa ce ta yi mata yawa, aikin shine a kwance ta.

Abinda yake ba ni mamaki shine mu muna da rabin wannan ilimin a hannu bamu haɗa shi da wasa ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san mafitar haruffa, wannan daga can ƙasan maƙoshi, wannan daga tsakiyar harshe da ganɗa, wannan daga hanci, ya san madda da gunna, ya san waƙafi, inda ake tsayawa da inda in ka tsaya ka ɓata ma'ana, ya san yadda ake tattalin numfashi ya kai ƙarshen doguwar aya. Kuma ya san ba a koyonshi daga littafi kawai, baki da baki ake karɓa, malam ya faɗa ka maimaita ya ce sake. Yaron da ya yi musabaƙa ya riga ɗalibin dirama na Landan sanin cikin bakinshi. Ga kuma karya harshe da muka taso da shi, da kwaɗo da ƙato suka tafi ƙoto, ka yi shi sau goma da sauri kullum da safe ka ga yadda ƙ da k za su rabu tsaf a bakinka. Abu ɗaya da zan ƙara, musamman lokacin hunturu, a yawaita shan ruwa, a rage yawan kakarin gyaran murya, kuma in murya ta dishe raɗa bata hutar da ita, shiru ne maganin. In dishewar ta wuce sati biyu zuwa uku a ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro, mu da cibiyar kula da kunne ta ƙasa take cikin garinmu bamu da uzuri.

Da wannan horon ne ɗan wasa yake iya rarrabe abinda yake ji. Wanda bai koya ba zai ce muryar baba mai kauri ce kawai, sai ya shaƙe wuya ya yi kauri. Wanda ya koya zai ji cewa ba kauri ba ne sosai, a can baya take zaune kusa da maƙoshi, leɓenshi baya motsi da yawa ƙila sabida haƙoran gaba sun zube, yana farawa da ƙarfi ya ƙare jimla a ciki, kuma yana jan numfashi ne kafin sunan mutum. Kuma ba dole muryarka ta zama tashi sak ba, mace tana iya ɗaukar maganar namiji ba tare da ta yi ƙoƙarin kai muryarta ƙasa ba, in dai tafiyar maganar ta yi daidai 'yan kallo za su gan shi.

Sai maganar karin harshe, wadda a Kaduna ita ce wurin da za a fi zamewa. Garin nan kowa da irin Hausarshi. Basakkwace a Kasuwar Barci yana cewa shina zuwa, mi kaka so, Bazazzagi yana cewa motan da rigan ba ruwanshi da motar da rigar, ga Hausar Bajju da Atyap da Gbagyi da Ham wadda da yawansu da ita suka tashi da ita suke addu'a a coci, ga ta Bayerabe bakanike da Igbo mai sayar da kayan gyara da suka shekara talatin a garin. A finafinanmu da zarar an ji irin wannan Hausar toh an san wurin dariya aka zo, an saba tun fil azal. A wannan aikin kuwa ba a aiko ka ka yi Bagwari ba, wannan matar aka aiko ka ka yi, ita ɗin da ka zauna da ita a Sabon Tasha, in ta ce yaro ta zo haka za ka faɗa, ba za ka gyara mata ba kuma ba za ka ja shi ka ƙara mishi tsawo don a yi dariya ba. Tazarar da ke tsakanin biyun siririya ce ƙwarai, ɗan ɗaga gira ɗaya ya isa ya mayar da amana ba'a, kuma 'yan kallo suna ganewa nan take.

Zuwa wurin mutane a saurare su kafin a yi wasa ma ba sabon abu ba ne a jihar nan. Sashen dirama na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da Michael Etherton ya jagoranci farawa a tsakiyar shekarun 1970 ya yi suna a Afirka da wannan, ɗalibai su tafi ƙauyuka irin su Soba da Bomo su zauna da manoma su ji matsalar taki da gona da bashi, su haɗa wasa su nuna a dandalin garin a tattauna. Bambancin kawai su matsalar suke ɗauka su ƙirƙiri maganar da kansu. Taki ɗaya ya rage a ƙara, a ɗauko harda lafazin.

Inda na fi so a yi taka tsantsan shine haƙƙin mutanen. Malamai sun daɗe da lissafa kwaikwayon tafiyar mutum ko maganarshi don a wulaƙanta shi a cikin giba, kuma aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu su yi ma wasu izgili, ba sai an kawo wata dokar Turawa ba. Dole mutum ya san me za a yi da muryarshi, ba wai ka ce mishi bincike ne na makaranta ba sannan ya ga kanshi a YouTube. Ka gaya mishi wani ne zai tsaya gaban jama'a ya yi magana irin tashi, ya yarda da bakinshi a cikin rikodin ɗin, kuma ya san yana da damar ya ce a cire kaza. Canja suna baya wadatarwa, in ɗan wasan ya ƙware toh duk layinsu za su gane ko waye, ƙwarewar ita ce take tona asiri. Rikodin ɗin kuma kada ya kwana a wayar da kowa yake ɗauka, mun san yadda odiyo yake yawo a WhatsApp. Matan aure mace ce za ta je musu, da sanin gidan. Sannan ga almakashi, hirar awa ɗaya ce za a mayar minti uku, wanda ya zaɓi minti ukun nan yana iya mayar da mutumin kirki mugu ba tare da ya ƙara mishi kalma ɗaya ba. Masu cewa ai maganarshi ce ba mu muka faɗa ba suna yaudarar kansu ne, zaɓin naka ne, jerin ma naka ne, wanda ka sa ya yi magana a ƙarshe ma kai ka zaɓa.

Na san duk ɗan Kaduna da ya karanta labarin Crown Heights tunaninshi ya tafi wuri ɗaya, rikicin 2000 da na 2002, yadda gari ya rabu kogi ya zama iyaka, masu tashi daga Rigasa da Tudun Wada suka koma Television da Romi, na can suka dawo nan, har an samu yaran da suka girma basu taɓa zama sun ji labarin ɗaya ɓangaren daga bakin mai shi ba. Tabbas wasa irin na Smith zai yi aiki a nan, mutum ɗaya ya tsaya ya faɗi maganar wadda ta rasa ɗa a wannan gefen sannan ya juya ya faɗi ta wanda ya rasa shago da ƙani a wancan. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun nuna tun 1995 cewa mutane suna zama su saurara in an kawo musu bakin biyu tare. Amma ni ban goyi bayan ƙungiyar da bata taɓa yin wannan aikin ba ta fara da nan, ɗan kuskure kaɗan a zaɓin magana ko a murya sai a fama gyambon da ba a iya ɗaurewa ba. A fara da inda hannu zai faɗa. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ta biyo baya a 2007, dubban ma'aikatan da suka yi aiki a Kakuri Musulmi da Kirista suna nan cikin gari suna tsufa, ga tsofaffin ma'aikatan reluwe, ga maƙeran Panteka, ga mata masu abinci da suka ciyar da su duka. Kayan aikin waya ce da iyafis da aji ɗaya da za a ara, abinda yake da tsada lokaci ne, don minti uku na magana yana iya cin makonni, wanda kuma ya saba a miƙa mishi sikirif a lokeshan ya duba sau biyu a ce akshin zai ga kaman ɓata lokaci ne.

Matakin ƙarshe kafin a kira 'yan kallo shine a koma wurin mai maganar a yi mishi a gabanshi. Sau da yawa shi ba zai gane kanshi sosai ba, don ba wanda yake jin muryarshi yadda mutane suke jinta, zai ce haka nake magana? Shi yasa ake so iyalinshi ko abokan zamanshi su kasance a wurin, su ne alƙalan. In suka ce wallahi shine, an samu. In matarshi ta ce a'a, malam baya saurin nan in ya zo wannan wurin, sai a koma kan rikodin a sake ji, in kuma shi da kanshi ya ce wannan maganar ta keke a cire ta bana so a ji, toh cire ta za a yi ko da ita ce ta fi komai kyau a wasan.